Yadda Ake Sabunta Katin Zaman Dindindin na Kanada Kafin Tafiya Ƙasar Waje

Katin zaman dindindin na Kanada, wanda mazauna ƙasar suka fi kira katin PR, yana aiki ne na tsawon shekara 5 a mafi yawan lokuta, kuma ranar ƙarewarsa tana rubuce a jikinsa. Wanda yake zaune a Toronto ko Calgary ko Winnipeg yana iya shafe waɗannan shekaru ba a nemi ganin katinsa ba sai jefi-jefi, shi ya sa mutane da dama ba sa farga cewa wa'adinsa ya gabato sai bayan sun sayi tikitin zuwa gida bikin aure, ko hutun Sallah, ko Umara. Wannan jagora ta shafi wanda yake cikin irin wannan hali ne: yana zaune a Kanada, katinsa ya kusa ƙarewa ko ma ya riga ya ƙare, ga kuma tafiya a gabansa.

Kafin a shiga matakai, akwai abu ɗaya da fahimtarsa take rage fargaba, kuma take hana sakaci. Ƙarewar kati ba ta soke matsayin zaman dindindin. A ƙarƙashin dokar shige da fice da kare 'yan gudun hijira ta Kanada, wadda ta fara aiki a 2002, mutum yana riƙe da matsayinsa har sai hukuma ta yanke hukuncin karɓe shi, ko shi da kansa ya ajiye shi a rubuce, ko ya zama ɗan ƙasa. Saboda haka wanda katinsa ya ƙare yana cikin Kanada yana da damar ci gaba da aikinsa da zamansa, kuma babu wanda zai tare shi a filin jirgi ya hana shi fita. Matsalar tana tasowa ne ranar dawowa. Kamfanin jirgin sama, ko na ruwa, ko na ƙasa, ko na bas ba zai ɗauki mai zaman dindindin zuwa Kanada ba sai ya nuna kati mai aiki ko takardar tafiya ta musamman da ake kira PRTD. Ma'aikacin da yake tantance fasinjoji a Kano ko Abuja ko Addis Ababa ba shi da hurumin duba tarihin zamanka, ranar da take jikin katin kawai yake dubawa. Ba kuma za ka iya kauce wa wannan ta hanyar neman bizar baƙi ko izinin shiga na eTA ba, domin ba a ba mai zaman dindindin ko ɗaya daga cikinsu.

Mataki na farko: auna katin da ranar dawowa

Ɗauko katin ka ajiye shi kusa da tikitinka, ka gwada ranar ƙarewarsa da ranar da za ka sauka a Kanada. Kanada ba ta sharɗanta cewa sai katin yana da sauran wata 6 ba, kamar yadda wasu ƙasashe suke yi wa fasfo, abin da ake buƙata shi ne ya kasance yana aiki a ranar da za ka dawo. Amma duk wanda ya saba zuwa gida ya san cewa ranar dawowa tana iya gusawa: biki yakan zarce, rashin lafiya takan faɗo, jirgi yakan soke tashi. Idan katin zai ƙare mako 1 ko 2 bayan ranar da ka tsara dawowa, ka ɗauke shi a matsayin wanda ba zai ishe ka ba.

Hukumar shige da fice ta Kanada, wato IRCC, tana karɓar takardar sabuntawa idan katin ya ƙare ko kuma saura ƙasa da wata 9 ya ƙare. A ganina wannan wata 9 shi ne babban abin da mutane suke wasa da shi. Tsawon lokacin da hukumar take ɗauka yana sauyawa daga wata zuwa wata, ana kuma wallafa shi a shafinta na intanet, amma adadin da za ka gani a wurin na takardun da ba su da wata tangarɗa ne. Takardar da aka ware domin ƙarin bincike tana iya ɗaukar watanni masu yawa fiye da haka. Ko bayan an amince, katin ta gidan waya yake zuwa, kuma waɗanda suke jiran nasu a lokacin yajin aikin ma'aikatan gidan wayar Kanada na Nuwamba da Disamba 2024 sun ga yadda wannan zangon ƙarshe kaɗai yake iya cinye makonni. Wanda ya shigar da takardarsa da zarar ƙofar wata 9 ta buɗe ya kauce wa kusan duk abin da za a tattauna a ƙarshen wannan jagora.

A wannan zama ɗaya ka duba fasfonka. Fasfon Najeriya ana sabunta shi ta ofishin jakadancinta da ke Ottawa, yana buƙatar lambar NIN, kuma shi ma yana da nasa jiran.

Mataki na biyu: ƙidayar kwana 730

A nan ne ainihin aikin yake, kuma a nan ya kamata ka fi daɗewa. Neman sabon kati tamkar gayyatar hukuma ce ta duba ko ka cika sharaɗin zama, wato kasancewa a cikin Kanada na aƙalla kwana 730 a cikin shekara 5 da suka gabaci ranar da ka shigar da takardar. Ba dole ne kwanakin su zo a jere ba. Shekara 5 kwana 1,825 ne, saboda haka idan jimillar kwanakin da ka yi a waje ba ta kai 1,095 ba, ka tsallake. Wanda bai cika shekara 5 da samun matsayin ba, abin da ake dubawa shi ne ko sauran kwanakin da suka rage masa za su ishe shi ya cika 730 kafin shekara 5 ɗinsa na farko su ƙare.

Ɗauki takarda ko ka buɗe jadawali a kwamfuta, ka rubuta kowace fita da ka yi: ranar tashi, ranar dawowa, ƙasar da ka je da dalilin zuwa. Har da tsallakawa Amurka na kwana 1 ko 2 domin sayayya ko ziyara. Kada ka dogara da ƙwaƙwalwa. Bi hatiman da ke cikin fasfo, sabo da tsoho, ka bi saƙonnin tikiti da ke cikin imel ɗinka, ka bi bayanan banki da suke nuna inda ka kashe kuɗi a wace rana. Ranar da ka bar Kanada da ranar da ka dawo duk ana lissafa su a matsayin kwanakin da kake cikin ƙasar, domin ko wani ɓangare na yini ka yi a ciki, yini ne cikakke a wajen wannan lissafi. A misali, wanda ya yi kwana 400 a Kano yana jinyar mahaifiyarsa, sannan ya yi wasu tafiye-tafiye 3 na kwana 60 kowace, jimillarsa 580 ce, kuma ba shi da abin tsoro. Wanda kuma ya koma gida ya ci gaba da kasuwancinsa, yana leƙo iyalinsa wata 3 a kowace shekara, kwanakinsa na cikin Kanada ba za su wuce 460 ba a shekara 5, ya gaza sharaɗin ke nan da tazara mai yawa.

Doka ta yarda a ƙirga wasu kwanakin waje tamkar a cikin Kanada aka yi su. Akwai kwanakin da mutum ya yi yana tare da mijinsa ko matarsa mai shaidar zama ɗan ƙasar Kanada, ko yaro tare da mahaifinsa ko mahaifiyarsa ɗan ƙasa. Akwai kuma kwanakin da mutum ya yi a waje yana cikakken aiki wanda wani kamfanin Kanada ko gwamnatinta ta tura shi, da kwanakin wanda ya raka mijinsa ko matarsa mai zaman dindindin da aka tura irin wannan aiki. Wannan rangwame yana da ƙa'idoji masu tsauri, musamman na aikin kamfani, domin hukuma ba ta karɓar kamfanin da aka kafa da sunan kawai don a riƙe wa mutum matsayinsa. Duk wanda zai dogara da shi sai ya kawo hujja: takardar aure, shaidar zama ɗan ƙasa ta abokin zama, shaidar cewa a gida ɗaya suka zauna, ko wasiƙar turawa aiki da takardun albashi.

Idan lissafinka ya nuna ba ka kai 730 ba, ka dakata. Kada ka shigar da takarda da fatan ba za a lura ba, kada kuma ka rage kwanakin wata tafiya, domin hukumar tana iya samun bayanan shigarka da fitarka daga hukumar kula da iyakoki, kuma ba da bayanin ƙarya laifi ne da yake iya jawo rasa matsayin da hana shiga ƙasar na shekara 5. Hanyar da ta fi aminci ga wanda yake cikin Kanada kuma ba a riga an rubuta masa rahoton saɓa sharaɗi ba ita ce ya zauna, ya ɗage tafiyar, har kwanakinsa su cika, sannan ya nema. Na san ɗage tafiya abu ne mai nauyi ga wanda iyayensa suka tsufa, amma fita a wannan hali tana iya zama fitar da babu dawowa. Akwai damar roƙon sassauci bisa dalilan jinƙai, kamar doguwar jinyar iyaye ko maslahar 'ya'ya ƙanana, sai dai wannan hukunci ne da yake hannun jami'i, kuma ya cancanci a zauna da lauya ko mai ba da shawara kan shige da fice wanda yake da lasisi kafin a taɓa fom.

Mataki na uku: haɗa takardu

Fom ɗin da ake cikewa shi ne IMM 5444, jerin takardun da ake buƙata kuma yana cikin IMM 5644. Za a nemi kwafin katinka na yanzu gaba da baya, da kwafin fasfonka, da shaidar cewa a Kanada kake zaune a shekarun da ake magana. Shaidar da ta fi ƙarfi ita ce wadda ta fito daga wata hukuma ko ma'aikata: takardar tantance haraji da hukumar haraji ta CRA take aikowa duk shekara, takardun albashi ko wasiƙar wurin aiki, yarjejeniyar haya, bayanan banki, ko takardun makaranta ga ɗalibai da yara. Wanda kwanakinsa suka yi kusa da iyaka ya ƙara yawan hujjojinsa, ya kuma tabbatar sun bazu a kan dukkan shekarun.

Duk takardar da ba da Turanci ko Faransanci aka rubuta ta ba sai an fassara ta, kuma wannan ya haɗa da hatiman fasfo. Masu zuwa Hajji da Umara su lura da wannan sosai, domin hatimin da aka buga da Larabci, wani lokaci ma da kwanan watan Hijira, yana buƙatar fassara daga mai fassara da aka amince da shi, ko kuma fassarar da aka haɗa da takardar rantsuwa. Ba a karɓar fassarar da mai neman katin ko danginsa suka yi, komai ƙwarewarsu a Larabci.

Hoto yana cikin abubuwan da suka fi jawo jinkiri, alhali gyara shi ba shi da wuya. Je wurin mai ɗaukar hoto na sana'a ka gaya masa hoton katin PR kake so. Faɗinsa milimita 50 ne, tsawonsa 70, tsawon fuska daga haɓa zuwa tsakar kai tsakanin milimita 31 da 36, baya kuma fari fes babu inuwa. A bayan hoton ana rubuta sunanka da ranar haihuwarka, da sunan shagon da adireshinsa da ranar da aka ɗauka, kuma gaba da bayan duka ake ɗorawa. An yarda mace ta ɗauka da hijabinta, namiji da hularsa ko rawaninsa idan na addini ne, muddin dukkan fuska ta fito sarari.

Kowane mutum a gida yana da takardarsa daban, har da yara. Idan sunanka ya sauya ta hanyar aure ko ta kotu, ka haɗa da takardar da ta tabbatar da sauyin.

Mataki na huɗu: shigar da takarda

Ana shigarwa ne ta dandalin IRCC na masu zaman dindindin a intanet, kuma dole ne ka kasance a cikin Kanada lokacin da kake nema. Kuɗin dalar Kanada 50 ne ga kowane mutum, ana biya ta intanet a ɗora rasit ɗin tare da sauran takardu. Fom ɗin zai nemi adireshin duk inda ka zauna da duk aikin da ka yi ko karatun da ka yi a shekara 5, wata bayan wata. Kada ka bar giɓi; idan akwai lokacin da ba ka aiki, ka rubuta haka. Ka tabbatar ranakun da ke wannan sashe ba su ci karo da jerin tafiye-tafiyenka ba, domin wanda ya rubuta yana aiki a shago a Edmonton a watannin da fasfonsa ya nuna yana Kaduna ya jawo wa kansa tambaya. Ka ajiye kwafin duk abin da ka aika. Ba ka buƙatar wakili domin wannan aiki, amma idan za ka biya wani, ya kasance lauya ne ko mai lasisi daga hukumar da take kula da masu ba da shawara kan shige da fice, kuma a bayyana shi a fom IMM 5476.

Adireshin Kanada kaɗai ake aika wa kati. Idan ka tashi daga gidan kafin ya iso, ka sanar da hukumar nan take. Wani lokaci kuma akan kira mutum ya zo ofis da kansa ya karɓa tare da ainihin takardunsa, ba a ba wani a madadinsa, kuma idan kwana 180 suka wuce bai zo ba sai a lalata katin ya sake nema daga farko.

Idan tafiyar ta gaggawa ce

Hukumar tana da hanyar gaggawa ga wanda zai yi tafiya cikin wata 3 masu zuwa saboda rashin lafiya mai tsanani tasa ko ta wani a iyalinsa, ko rasuwa, ko aikin da yake yi, ko wata damar aiki. Ana haɗawa da tikiti mai nuna ranakun tafiya, da shaidar an biya kuɗinsa, da wasiƙar bayani, da hujjar dalilin, kamar takardar likita ko takardar shaidar rasuwa ko wasiƙar wurin aiki. Biki da hutu da Umara ba sa cikin waɗannan dalilai. Ko an karɓi roƙon, mafi ƙarancin lokacin da hukumar ta ambata mako 3 ne, kuma ba ta yi alkawarin katin zai iso kafin ranar tashi ba. A al'adarmu da ake jana'iza a ranar da aka rasu, wannan hanya ba za ta kai mutum gida a kwanakin zaman makoki ba. Wanda aka yi wa rasuwa yana iya tafiya nan take ya nemi PRTD daga can, idan kwanakinsa na zama sun cika.

Tafiya da tsohon kati bayan an shigar da takarda

Ka ci gaba da riƙe tsohon katinka yayin da kake jira, kuma idan bai ƙare ba kana iya tafiya da shi. Sai dai akwai ƙa'idar da mutane da yawa ba su sani ba: tsohon katin yana daina aiki kwana 60 bayan ranar da aka fitar da sabon, ko da ranar da take jikinsa ba ta yi ba. Wanda ya shigar da takarda ya tafi gida wata 4, aka kuma fitar da sabon katinsa mako 2 bayan tafiyarsa, zai iya zuwa filin jirgi da katin da a ido yana da sauran wa'adi amma a na'ura an riga an soke shi. Don haka mai doguwar tafiya ya riƙa duba matsayin takardarsa a intanet, ya kuma lissafa kwana 60 ɗin daga ranar da aka nuna an fitar da katin. Wasu suna dogara da ɗan'uwa ya ciro katin daga akwatin wasiƙa ya aiko musu, amma wannan shiri yana rushewa idan aka ce sai mai katin ya zo da kansa, ko katin ya ɓace a hanya.

Katin yana da tasiri har a zangon hanya. Mai fasfon Najeriya ko Ghana yana buƙatar bizar ya da zango a filayen jiragen ƙasashen Turai na yankin Schengen, kamar na Frankfurt da Paris da Amsterdam, kuma katin PR mai aiki yana cikin takardun da suke ɗauke masa wannan buƙata. Ingila ma tana da rangwame makamancin haka. Idan katin ya ƙare, rangwamen ya tafi, kuma ana iya hana ka hawa jirgi tun daga Toronto. Wanda yake cikin wannan hali ya tambayi kamfanin jirgin ƙa'idar zangon kafin ya biya, ko ya zaɓi hanyar da fasfonsa kaɗai ya ishe shi.

Idan ka riga ka fita babu kati mai aiki

Hanyar dawowa ita ce PRTD, wadda ba a nemanta sai daga wajen Kanada. Fom ɗin IMM 5444 ne dai, a dandali ɗaya, kuɗin ma dalar Kanada 50. Jami'i zai sake duba kwana 730 ɗin, saboda haka duk hujjojin mataki na biyu da na uku ya kamata su kasance a wayarka ko imel ɗinka tun kafin ka bar gida. Idan an amince, za a nemi ka miƙa fasfonka ta cibiyar karɓar takardun bizar Kanada, a Najeriya akwai a Abuja da Legas, a Ghana akwai a Accra, sai a manna takardar a ciki. Yawanci shiga ɗaya take bayarwa, kuma lokacin fitowarta ba a hannunka yake ba, don haka ka nema da zarar ka sauka, ka sayi tikitin da ake iya sauya ranarsa, ka kuma sanar da wurin aikinka cewa dawowarka tana iya jinkirta. Idan aka ƙi saboda rashin cika kwanaki, kana da kwana 60 ka ɗaukaka ƙara zuwa sashen ɗaukaka ƙarar shige da fice, in ba haka ba matsayin ya faɗi. Wanda ya ɗaukaka ƙara kuma ya taɓa kasancewa a Kanada ko sau ɗaya a cikin kwana 365 da suka wuce yana da damar samun takardar tafiya ya dawo.

Akwai wata hanya ga mai bizar Amurka. Sharaɗin kati ya shafi motocin haya da jirage ne, bai shafi motar kai ba, ko taka ce ko ta aro ko wadda ka yi haya kana tuƙawa. Mutum yana iya sauka a Amurka ya shigo ta iyakar ƙasa, ya nuna takardar tabbatar da zaman dindindin da aka ba shi ranar da ya fara samun matsayin, tare da tsohon katin da sauran shaidu. Jami'in iyaka zai bar shi ya shiga idan ya tabbatar da matsayinsa, amma yana da ikon yi masa tambayoyi kan kwanakinsa, ya kuma rubuta rahoto idan bai gamsu ba.

Gargaɗi na musamman ga wanda ya sami zaman dindindin ta hanyar neman mafaka: sabon kati ba ya ba shi kariya idan ya koma ƙasar da ya gudo daga cikinta, ko ya sabunta fasfonta ya yi tafiya da shi. Hukuma tana iya ɗaukar hakan a matsayin komawa ƙarƙashin kariyar ƙasar, ta nemi a soke masa matsayin mafaka, kuma zaman dindindin yana iya tafiya tare da shi ko da ya cika kwana 730. Irin wannan mutum ya ga lauya kafin ya sayi tikiti.

Ranar da sabon katin ya iso, ka duba rubutun sunanka da ranar haihuwa da hoton, ka gwada su da fasfo harafi bayan harafi, domin bambanci tsakanin Muhammad da Mohammed kaɗai yana iya tsayar da kai a wurin tantance fasinjoji. Idan kuskuren daga hukuma ne, akwai fom na neman a sake bugawa. Daga nan ka yanka tsohon katin ka zubar, ka sa sabon a jakar hannu tare da fasfo, kada ya shiga akwatin da za a auna. Idan kuma lissafin da ka yi a mataki na biyu ya nuna ka kai kwana 1,095 a cikin Kanada a shekara 5, ka cika sharaɗin kwanaki na neman zama ɗan ƙasa, sai dai har zuwa ranar da za ka yi rantsuwa katin PR ne zai ci gaba da dawo da kai, don haka neman zama ɗan ƙasa ba ya ɗauke maka sabunta shi.